Uku Na Rubuta

A makarantarmu ta firamare, rajista wani dogon littafi ne mai baƙin bango da malam yake buɗewa da safe yana kiran suna. Wanda ya amsa yana nan, wanda bai amsa ba ba ya nan, ko da kuwa ana hango shi ta taga yana jifan mangwaro. Iyakar sanina da kalmar ke nan har na zo Amurka, na tarar mutanen nan ko ruwa za su sha sai sun yi masa rajista. Mota rajista, yaro zai shiga makaranta rajista, ka je asibiti kana dafe da ciki kana nishi a ce maka fara zuwa teburin rajista. Har amarya, don rashin ta ido, takan je kanti ta yi rajistar tukwane da zannuwan gadon da take so a saya mata, ta aiko maka da jerin. Ranar da na fara ganin wannan sai da na nemi kujera na zauna. Ni kaina da na ci jarrabawar aikin jinya, abin da aka maƙala mini a ƙirji ke nan, nas mai rajista, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

A 'yan shekaru na zama gwanar takardu a cikin Hausawan Silver Spring. Duk wanda aka aiko wa ambulan mai tagar leda bai gane kansa ba, gidana yake nufa. Ina karantawa, ina faɗa, ina cike fom, ina yi wa mutane gorin ba sa karanta ƙananan rubutu. Ana cewa ai ita ta san ƙasar, ni kuma ina jin daɗi. Ku riƙe wannan, don kada in zo gaba wani ya ce rashin sani ne.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara goma. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitson farko. A lokacin tana aure a Kano, mijinta malamin sakandare ne, 'ya'yansu huɗu. Ta farin mace ce, kuma Yaya irin matan nan ce da suka ɗauki kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ana yaye ta, Hajiya mahaifiyarmu ta goye ta zuwa Gumel, can ta tashi. Idan ta kama dole a yi maganarta, Yaya takan ce 'yar Hajiya. Idan baƙo ya tambaye ta yara nawa Allah ya ba ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce uku, wanda ke kusa ya cike mata: da ta wajen Hajiya, huɗu. Haka tsarin yake, uwa ta rage, na gefe ya cike. Kafin in bar gida, yawanci ni ce ta gefen, har nakan tsokane ta in ce Yaya ba ta iya ƙirga ba.

Amma kowa ya san inda zuciyarta take. Kayan sallar yarinyar ake fara kai wa tela, a naɗe su a ƙasan na sauran. Idan zan je Gumel, sai ta tura mini ƙunshi a jaka ba tare da ta ce na wane ne ba, ni ma ba na tambaya.

A shekarun da aka mayar da rajistar cacar biza kan kwamfuta, ni na matsa musu su shiga. Na ce su aiko da hoton kowa, don kwamfutar ba ta karɓar suna sai da hoto. Mijinta ya je kafe, shagon intanet, ya turo guda biyar: shi, Yaya, da yara ukun da ke gabansu. Wata Asabar da rana na zauna cikewa. Na riga na yi wanka na ɗaura ɗankwalina, ƙawata tana hanyar zuwa ɗaukata mu tafi suna a Wheaton. Na kankare katin waya na kira Kano don in tabbatar da ranakun haihuwa. Da na iso gurbin 'ya'ya, na tambayi Yaya nawa zan rubuta.

"Uku mana," in ji ta.

Sai ta yi shiru. Ina jin muryar surukarta kusa da ita tana yi wa wani yaro faɗa. Ni ma na yi shiru. A kan allon kwamfutar, daidai saitin idona, ga gargaɗi nan baro-baro: a rubuta duk ɗan da bai kai ashirin da ɗaya ba kuma bai yi aure ba, ko yana gidanka ko ba ya nan, ko zai bi ka ko ba zai bi ba, wanda ya rage ɗaya ya fita daga cacar. Na karanta shi, wallahi sau biyu ma na karanta. Saura kwana huɗu a rufe. Kwana huɗu ya ishi mutum ya je Gumel ya ɗauko hoto ya dawo har ya huta. Amma sai na tuna zan sake zama, in sake kiran waya, in sake jiran kafe ta samu wuta. Na ce a raina, wa ma yake ci? Mutum nawa na cike wa, ko ɗaya bai taɓa ci ba. Ƙawata ta danna hon a ƙasa. Na rubuta uku, na tura, na ɗauki jakata. A wajen sunan har rawa na yi.

Bayan watanni wasiƙa ta zo ta adireshina. Sun ci. Na yi guɗa ni kaɗai a bakin akwatin wasiƙu har wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyata ta leƙo. Sai da na hau bene na zauna na warware takardun, na ga sunaye biyar a jere, sannan na tuna da wadda ban rubuta ba.

Mijin Yaya shi ya fara tambaya a waya ina sunan babbar. A nan ne ya kamata in ce laifina ne. Abin da na ce shi ne, ai kwamfuta ba ta karɓar wanda ba hoto, kuma na tambayi Yaya ta ce uku. Duka biyun gaskiya ne, kuma haɗa su da na yi ƙarya ce tsagwaronta. Na ƙara da cewa kada su kuskura su ambace ta a wajen intabiyu, in ba haka ba duk a rasa. In sun iso, shigar mata da takarda ba wani abu ba ne, shekara ɗaya ko biyu tana nan. Ban tambayi kowa ba kafin in faɗi haka. Da muryar nan tawa ta wadda ta sani na faɗa, su kuma suka ce to, tunda ke kike can.

Suka iso cikin sanyi. Wata uku muka yi a ɗakunana biyu kafin su kama nasu a ginin da ke bayanmu. Mijin ya ajiye alli ya kama tuƙin tasi a Washington, Yaya ta samu renon yara a wani gidan reno, yaran suka shiga makaranta, ni na yi musu rajistar ma. Kowa na sa mini albarka. A taron suna ko na salla sai a nuna ni a ce ga wadda ta ɗauko 'yan uwanta. Ina murmushi ina cewa yin Allah ne.

Watan da ake karya farashin kayan makaranta na raka Yaya kanti. Ta zaɓi jakunkunan goyo, na ga ta ɗauki huɗu. Bakina da ba ya shiru har ya buɗe zai ce yara uku ne, sai na haɗiye. Ta huɗun ruwan hoda ce. Ta sa ta a can saman durowa, ta yi ta cusa mata abubuwa, safa, ribbon, man shafawa, har aka samu mai tafiya gida. Duk shekara haka take yi. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba.

Nakan ce za mu fara maganar takardar, sai in ce bari su zauna da gindinsu tukuna. Gaskiyar ita ce na soma jin ƙishin-ƙishin daga wasu cewa abin ba kamar yadda na faɗa ba ne, ina tsoron in je in ji da kunnena. Hajiya tana raye, yarinya tana hannu mai kyau, na fake da wannan. Shekara biyar na yi ina fakewa.

Sai Hajiya ta rasu. Yarinyar tana da shekara goma sha shida, aka mayar da ita gidan kawunmu a Kano. Ba a zalunce ta ba, kada in ɗauki alhakin kowa, amma gida ne mai cike da mutane, ita kuma wadda ta saba kwana a bayan tsohuwa ita kaɗai. Bayan sadakar arba'in Yaya ta zo gidana da safe, ko zama ba ta yi ba, ta ce maganar nan ta 'yar Hajiya, yanzu fa babu Hajiya.

Muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa wajen wani lauya a cikin Washington. Dattijo ne mai haƙuri, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau. Ya ce a takardun hukuma wannan iyali 'ya'ya uku gare su, sun faɗa a rajistar farko, sun maimaita a intabiyu bisa rantsuwa. Ranar da suka kawo ta huɗu, tambayar farko ita ce ina take a wancan lokacin. Amsar tana iya jawo a ce bizar tun asali ba ta halatta ba, a karɓe katin zaman su biyar ɗin. Bai ce tabbas haka za a yi ba, ya ce shi dai ba zai ba su shawarar su gwada ba. Gaba kura, baya sayaki. Sannan ya tambaya wa ya cike fom ɗin farko, kuma bai ga gargaɗin ba ne?

Kafin in motsa, mijin Yaya ya amsa da Turancinsa na malamai. Ya ce ƙanwar matarsa ce ta taimaka, amma ba laifinta ba ne, abin da aka faɗa mata ta rubuta. Ya yi wa lauyan bayanin al'adarmu, cewa mace ba ta ƙirga ɗanta na fari. Lauyan ya dube ni ta saman takardun, kallon da ya fi minti a wajena. Na gyara zaman jakata a cinya.

A jirgi muna dawowa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa Yaya murya ba ya juyo ya ce mata, ƙasa-ƙasa don kada fasinjoji su ji:

"Kin gani ko? Kunyarki ta cinye miki 'ya."

Yaya ta juya tana kallon taga, alhali muna cikin rami, babu abin gani sai baƙin bango. Ni kuwa, mai bakin da ake tsoro a duk Silver Spring, wadda ta taɓa tsayar da likita a gaban majinyaci ta gyara masa kuskure, na tsura wa takalmina ido har muka fito tashar Takoma. Na ji kunyar kaina a ranar, kuma har yau in na tuna sai na ji ta sabuwa.

Maganar ta zama abin da yake jefa mata duk lokacin da rai ya ɓaci. Ba mugu ba ne, shi ma 'yarsa ce, ciwon yana cinsa, ya rasa inda zai sauke. Ina ji, ina gani, wani lokacin a kan tabarmar cin abinci a gidana. Sai in tashi in ce bari in duba tukunya.

Da lokacin neman zama ɗan ƙasa ya yi, fom ɗin ya sake tambayar 'ya'ya nawa. Mijin ya rufe ido ya sake rubuta uku, ya yi rantsuwarsa, ya samu fasfo. Yaya ta ƙi. Sau uku ina ɗauko mata fom, ina cikewa tana zaune, da mun iso gurbin nan sai ta miƙo hannu ta ninke takardar ta ce a bari sai wani lokaci. A na ukun raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa, ni da ba ni da bakin magana. Na ce wannan wane irin taurin kai ne, kowa ya wuce ke kina nan da kati kamar baƙuwa, lamba ɗaya ce fa za a rubuta. Ta dube ni kawai ta ce, bar shi, ƙanwata. Ta tashi ta ɗaura alwala.

Ita kuwa yarinyar, ta girma ta shiga makarantar ungozoma, wai tana so ta zama kamar Anti. Takan kira ni ta gaishe ni, ta yi mini godiyar ɗawainiyar da nake yi da iyayenta. Wata rana tana dariya ta ce, Anti, wai an ce ni sunana ne bai fito a cacar ba? Na ce mata rabo ne, kowa da nasa. Ta ce haka ne, Allah ya sa haka ya fi alheri. Da muka gama na ajiye wayar a kan firji na daɗe a tsaye. Yaya ta je gida sau biyu a shekarun nan, aka ce ko a can ba ta iya zama ta yi hira da ita ba, sai dai ta bi ta da ido in ta juya baya.

Shekarun baya kaɗan jini ya matsa wa Yaya, na samo mata likitar mata a Wheaton. Ranar Talata ce da hantsi, na ɗauki hutun rabin yini na kai ta. A teburin rajista aka miƙo mana takardu a maƙale da ɗan katako, da biro mai igiya. Muka zauna a kujerun jira, na hau cikewa kamar yadda na saba, ba na ko tambayarta, don na san komai nata. Suna, adireshi, inshora, magungunan da take sha. Sai na iso layin da ke tambayar haihuwa nawa.

Biron ya tsaya. Yaya ta lura, ta ce me suka tambaya. Na faɗa mata. Ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi. Shirun nan na gane shi, shi ne dai na wayar ranar Asabar, shekara goma sha huɗu bai canza ba. Babu suruka a kusa, babu miji, babu wanda ke jin Hausa a ɗakin sai mu biyu. Ban shirya ba, maganar ce kawai ta zubo. Na ce mata na ga gargaɗin a ranar. Na ce akwai sauran kwana huɗu. Na ce suna nake sauri, ƙawata na jira a mota. Na ce duk abin da mijinta yake faɗa mata shekara da shekaru, ni ya kamata a faɗa wa, kuma ina zaune ina ji na bar ta da shi. Ina magana hawaye na ɗiga a kan takardar mutane.

Na ɗauka za ta zabura, ko ta tashi ta bar ni a wurin. Da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Ba ta ko juyo ba.

"Na sani," in ji ta. "Ai ina jin ki kin yi shiru a wayar. Inna surukata tana zaune a gefena. Na ce uku, na tsaya ina jira ki cike, yadda kika saba. Da ba ki ce komai ba, na ɗauka a takardar kika cike."

Na ce to me ya hana ta faɗa, duk tsawon shekarun nan?

"In faɗa wa wa? Ni na goya ki. Gara ya faɗa mini da ya faɗa miki." Ta gyara mayafinta. "Amma na yi fushi da ke. Har yanzu wani lokacin ina yi."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta nuna takardar da haɓa ta ce in rubuta huɗu. Na rubuta, lambar ta fito a karkace. Sai ta ce in sa sunanta. Na ce Yaya, babu gurbin suna a nan, lamba kawai suke so. Ta ce in sa a gefe.

Sannan ta faɗi sunan. Cikakkensa, da na uban, a fili, kamar malam yana kira da safe. Shekara ashirin da uku da haihuwar yarinyar, ranar na fara jin sa a bakin uwarta. Ashe ma ba yadda mu muke faɗarsa take faɗa ba, tana ɗan jan ƙarshensa. Na rubuta shi a farin gefen takardar, ƙanana, a tsaye.

Muka mayar da takardun tare. Matar da ke teburin tana shigarwa a kwamfuta, ta zo wurin ta tsaya, ta juya takardar ta karkata kai, ta tambaya wannan kuma mene ne. Na buɗe baki zan yi bayani kamar kullum, Yaya ta riga ni. Da ɗan Turancinta na gidan reno ta ce 'yarta ce, ta fari, tana Najeriya. Matar ta yi murmushi ta ce ai babu inda za ta shigar da shi. Yaya ta ce ba komai, a bar shi a nan ɗin.

Yarinyar tana Kano har yau, tana karɓar haihuwa a wani asibiti. A iya sanina, takardar nan ce kaɗai a duk faɗin ƙasar nan da sunanta yake a kai, da rubutun hannuna, a gefen da ba a karantawa.